Jatau Wanzami a Ƙasar Sara-da-Kwasa

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya shimfiɗa ƙasashen da ƙafa ke takawa, ya kuma ɓoye waɗansu inda sai ɗan yatsa ke kai mutum. Ni ne Jatau ɗan Cindo, wanzamin Rafin Kanya, ɗan wanzami jikan wanzami. Na sha yawo da zabira a rataye, na aske kan mai mulki na aske na mai bara, amma ban taɓa taka ƙasa irin Sara-da-Kwasa ba, wadda faɗinta yake gajiyar da mahayin raƙumi, alhali dukkanta tana cikin wayar ƙanena.

Mu biyu ne muka rayu a ɗakin mahaifiyarmu, ni da autanta Sallau. Tazarar da ke tsakaninmu mai yawa ce, har ni na yi masa askin suna da hannuna. Ya tashi yaron kirki, ya koyi ɗinki, ya buɗe shago. Sai wani abokinsa ya zuba masa wani wasa a waya. A cikin wasan mutum jarumi yake zama, mutanen ƙasar suna ba shi aike, shi kuma yana sara, yana kwasa, yana hawa mataki bayan mataki. Tun daga ranar keken ɗinki ya yi tsatsa. In ka yi masa magana sai ya ce, "Yaya, bari in gama wannan aiken."

Wata rana da azahar Inna ta kai masa abinci ɗaki. Ta tarar da takalmansa, ta tarar da hularsa, ta tarar da waya a kan tabarma, babu Sallau. Na zo na ɗauki wayar na duba. Can cikin gilashin ga wani ɗan mitsitsin mutum cikin rigar ƙarfe, zaune a kan kujera. Kunnuwan gidanmu ne a kansa, kuma kunnuwan gidanmu ba a ɓata su.

Inna ta ture kwano ta ce abinci ba zai wuce maƙogwaronta ba sai autanta ya dawo. Na ɗauka faɗa ce kawai, sai da na ga tsohuwa ta kasa tashi alwala sai an riƙe ta. Ga wata masifar kuma: bakin cajin wayar ya lalace, Sallau kaɗai ya san yadda ake lanƙwasa igiyar a danne ta da dutse ta kama. Mai cajin unguwarmu ya yi iya yinsa, ya miƙo mini ita ya ce, "Malam Jatau, in wannan cajin ya ƙare, abin da ke ciki sai haƙuri."

A ƙasan gilashin akwai rubutu: Taɓa nan ka shiga. Na rataya zabira, na ɗaga babban yatsa. Inna ta kama wuyan hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Ɗaya ya tafi ya zama abin da ban sani ba," in ji ta. "Kai ka yi mini alkawari. Ba za ka kashe ko ƙuda ba. Ba za ka ɗauki ko allurar wani ba."

Na ce, "Na yi alkawari, Inna." Na taɓa.

Na farka a tsakiyar wani ƙauye mai ciyawa kamar an shafa mata fenti. Sama gilashi ce. Rana kuwa ba zagayayyiya ba ce, doguwa ce kamar sandar rake, koriya, ana cinye ta daga gefe ɗaya a hankali. Nan na gane cajin wayar nake kallo. A saman kan kowa akwai jan layi mai nuna ransa. Na wasu kamar igiyar shanya, nawa bai kai tsinken sakace ba. Wata kaza ta zo wucewa ta ɗan cake ni a ƙafa, na ga rabin raina ya tafi. Na ba ta hanya, na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya."

Jarumai suna ta kai-kawo a guje, don a ƙasar nan jarumi ba ya tafiya a hankali. Suna faɗawa gidajen mutane ba sallama, su fasa tukwane, su buɗe akwatuna, su kwashe, su fice, masu gida suna tsaye suna murmushi. Na tare ɗaya na tambaye shi hanyar fada, don irin kujerar da na ga Sallau a kai sai a fada. Bai tsaya ba, yana gudu a wuri ɗaya ya ce, "Sai ka gama aike ake buɗe maka hanya. Nemi mai fitila a ka."

Na hango wata tsohuwa a ƙofar gida, fitila rawaya tana lilo a saman kanta ba igiya. Na tsaya daga nesa na ce, "Salamu alaikum."

Ta ƙura mini ido. Bakinta ya motsa kamar mai neman abin da ta ajiye tun tana budurwa. Can ta ce, "Wa... wa alaikumus salam." Hawaye ya zubo mata, amma nan take ta miƙe ƙyam ta ce, "Jarumi! Ɓeraye sun addabi rumbuna. Ka kashe goma in ba ka takobi."

Na ce, "Gwaggo, ko a samo kyanwa ta tsorata su?"

"Jarumi! Ɓeraye sun addabi rumbuna."

Na gane iyakar abin da aka ba ta ke nan. Na hau rumbun na leƙa. Ko ƙwayar gero babu. Ɓeraye goma ne zaune a jere, kowanne kamar ɗan akuya, sun miƙo wuya, sun runtse ido. Babbansu, mai furfura a gashin baki, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Malam, ka yi sauri, akwai masu jira a bayanka."

Na sauka ciki na zauna, muka gaisa. Ya shaida mini cewa su ma'aikata ne. Kullum a kashe su, su sake tsirowa, a sake kashewa, har wuyansa ya yi kanta. Ya dubi zabirata ya ce, "Ina makaminka?"

Na ce, "Ba ni da makami. Ni na zo in ratsa ƙasar nan har fada, ba tare da na kashe kowa ko na ɗauki kayan kowa ba."

Suka dubi juna. Ƙaramin cikinsu ya fara, ƙyal-ƙyal. Sai babban ya fashe. Kafin ka ce me, rumbu ya ɗauka. Suna birgima, suna dukan ƙasa da wutsiya, ciki ya ƙulle musu. Babban yana hawaye yana cewa, "Har fada! Da wannan ran naka! Wayyo Malam, ka kashe mu!" Sauran suka amsa, "Wallahi ka kashe mu! Ka kashe mu da dariya!"

Sai na ji ƙararrawa ta kaɗa a sama. Ashe ƙasar da shaidar baki take aiki, kuma ga mutum goma sun shaida da bakinsu. Na fito na tarar fitilar kan tsohuwa ta mutu, tana miƙo mini takobi. Na yi godiya na ce ta ajiye abinta, don takobi in yana hannu wuya yake nema. Ta raka ni har bakin hanya, abin da aka ce ba ta taɓa yi ba.

Hanya ta kai ni wata ganuwa mai tsayi, da ƙofar ƙarfe a kulle, da wani ƙaton mai gadi a gabanta. A gindin wata bishiya ga wani siririn mutum ya rufe fuska da mayafi, fitila a kansa. Ya yafuto ni ya raɗa mini, "Mabuɗi yana aljihunsa na hagu. In ya juya baya, ka sunkuya ka zare."

Na tsaya ina kallo. Mai gadin yakan juya ya fuskanci bango, ya turo aljihun baya, har ya ɗan yi tari don a san ya shirya. Jarumai suna bin layi suna zarewa. Da layi ya zo kaina, na zagaya ta gabansa na ce, "Sannu da aiki. Yaya tsayuwa?"

"Ba a wucewa," in ji shi.

"Na sani. Aron mabuɗi na zo nema."

"Aro?"

"Ka ba ni in buɗe, in dawo maka da abinka."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ka dawo da shi? Hannuna?" Ya zaro mabuɗin ya ba ni. Na buɗe na shiga, sai ƙofa ta rufe kanta a bayana, garam, ba ta buɗuwa ta ciki. Ga mabuɗin mutane a hannuna, ga alkawari biyu a wuyana. Na ja da baya, na yi bisimilla, na wurga shi ta saman ganuwa. Na ji ƙwal a kan hular ƙarfen mai gadin, na ji mutum ya faɗi. Na ce shi ke nan, na yi kisa. Can sai murya ta taso daga ƙasa, a raunane, cike da farin ciki: "Ya dawo! Jama'a, ya dawo!"

Daga nan na shiga daji. Ba zan gajiyar da ku da duk abin da na gani ba: kurayen da ba sa bin mutum in ya wuce wani dutse, sai su tsaya su koma kamar an kira su cin abinci, akwatunan zinariya zube a gindin itatuwa, ba mai su a kusa, suna ƙyalli suna kirana, yunwar da ta sa na tsaya a gaban wata gona ina kwaɗa sallama har muryata ta dushe, ba wanda ya amsa, na wuce da cikina a haka. Jarumai suna wuce ni suna nunawa, "Ga Malam Mataki Ɗaya!" Rana kuma ta tashi daga koriya ta koma rawaya.

Na iso bakin wani kogi mai baƙin ruwa. A tsallake ana hango fada. Mai fito yana zaune a kwalekwalensa da fitila a ka, ya ce, "Ba na ɗaukar kowa sai wanda ya kawo mini gemun Dodo Gangaram."

Kogon Gangaram yana kan tudu, ƙasusuwan jarumai zube a ƙofa. Na yi sallama na shiga. Girman Dodon ya kai masallacin unguwa. Gemunsa ya sauko ya zagaye kogon, tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki, har da wani tsohon jarumi da ya maƙale tun bara yana zaune a ciki yana gyangyaɗi. Dodon ya miƙe ya yi ruri, ya ɗaga kulki, sannan ya dakata ya sa hannu cikin gemun yana susa, yana susa, har idonsa na lumshewa.

Wanzami ba a ɓoye masa irin wannan. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe rabonka da aski?"

"Mene ne aski?"

Na zaunar da shi a bakin kogo inda haske yake. Na ɗebo ruwa, na kaɗa sabulu, na hau kafaɗarsa da tsani. Gashin kamar wayar shinge. Askata ta farko ta dakushe tun a kunci, ta biyu ta karye a haɓa, ta mahaifina wadda nake ji da ita ta yi giɓi kamar bakin tsoho. Ina yi ina kallon rana tana raguwa, amma aski ba a yi masa gaggawa, balle a wuyan Dodo. Da na gama na shafa masa alum, farin dutsen nan da ake gogawa bayan aski, iska ta taɓa fuskarsa, sai ya fashe da kuka. Ya ce bai taɓa sanin yana da haɓa ba. Na ce, "Gashin nan fa, ka ba ni halak malak?" Ya ce in kwashe, har da jarumin ciki in ina so.

Ina cikin naɗe gemun kamar tabarma sai ga matarsa ta dawo daga daka, da taɓarya kamar gungumen giginya a kafaɗa. Ta dubi mai santsin fuskar da ke zaune a ƙofarta ta ce, "Kai wane ne? Ina mijina?"

"Ni ne, Uwargida."

"Ƙarya kake! Mijina namiji ne!" Ta juyo kaina, ta ga gemu a hannuna. "Kai ka kashe shi!"

Ta ɗaga taɓarya. Na ga inuwarta ta rufe ni, na fara kalmar shahada. Sai komai ya tsaya cak. Taɓarya ta tsaya a sama, tsuntsu ya tsaya a iska, ƙura ta daskare. Wani ɗan gajeren mutum mai jar hula ya ɓullo daga babu, da tire a ka, yana kiɗa da baki. Mai Talla ke nan. A ƙasar nan yakan faɗo a kowane lokaci, ko ana tsakiyar yaƙi, kuma muddin yana magana ba abin da ke motsi sai shi da wanda yake yi wa tallar. Jarumai sun tsane shi, kafin ya rufe baki sun kore shi.

"Maganin sanƙo!" in ji shi. "Shafa yau, taje gobe! Ko a gwiwa ka shafa sai ka nemi almakashi!"

Na ce, "Nawa ne?"

Tiren ya kusa faɗo masa. Ya ce, "Tambaya ka yi?" Ya faɗi kuɗi. Na ce ya yi tsada. Ya rage. Sai na yi abin da kowane ɗan kasuwa ya gada: na saɓa gemu a kafaɗa, na juya na kama tafiya. Ya biyo ni. "Haba Alhaji, tsaya mana! To nawa za ka saya?" Ina tafe ina girgiza kai, yana biye yana ragewa, duniya kuma tana daskare a bayanmu. Muka gangara tudu, muka ratsa fadama, har bakin kogi. Da na sa ƙafa a kwalekwale na juyo na ce masa, "Gaskiya ni wanzami ne, sanƙo abokin sana'ata ne, ba zan saya ba. Amma ka koma kogon can, akwai mai gidan da aurensa ke hannunka. Ko nawa ka ce zai biya." Ya ruga a guje. Duniya ta saki, na jiyo taɓarya ta sauka a inda ba kowa, ƙasa ta girgiza.

Muna tsakiyar kogi rana ta koma ja, saura ɗan guntu kamar garwashi. Sai sama ta yi duhu ta gefe ɗaya. Na ɗaga kai na ga ido, ƙato, ya cika rabin gilashin, da jan jijiyoyi da farin tabo a gefe. Na san idon nan. Inna ce ta kawo fuskarta kusa tana neman mu. Wani ɗigo ya faɗo a kan gilashin daga waje, ya bazu, komai na sama ya yi dishi-dishi. Mai fito ya ce, "Damina ta kusa." Na karɓi sanda ɗaya na taya shi tuƙi.

Fada cike take da fadawa da mabusa. Da na shiga aka buga tambari, wani mai dogon rawani, Waziri, ya ɗaga murya: "Aike na ƙarshe! Wanda ya raba kujera da mai ita, ƙofar gida za ta buɗe masa!"

Can ƙuryar zaure ga Sallau a kan kujerar ƙarfe. Jan layinsa ya tashi daga bango ya kai bango. Takobinsa ya fi ni tsawo. Maroƙa suna ta zuba masa kirari, Sara-Dubu, Kwashe-Gari. Amma ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya dube ni, takobin ya suɓuce ya faɗi.

"Yaya?"

"Tashi mu tafi gida. Inna ba ta cin abinci."

"Na gan ta," in ji shi. "Kullum ina ganin idonta. Yaya, ba na iya tashi. Wanda ya kashe mai kujera dole ya zauna, in ya zauna ta kama shi, ba ta saki sai an kashe shi. Mutanen nan in sun mutu suna dawowa. Mu 'yan waje ban san inda muke zuwa ba. Wanda na tarar a nan wani direba ne, ban sake ganinsa ba." Ya tura mini takobin da ƙafa. "Ka sare ni kawai ka fita da gudu kafin ka zauna. Gara ta sami ɗaya."

Na ce, "Rufe mini baki."

Na gwada jan hannunsa, ko gezau. Na yi tunanin in kinkime shi har kujerar, sai na tuna kujerar ba tamu ba ce. Haske yana ta raguwa, har an fara rasa bangon zauren ta gefe. Da dabara ta ƙare mini, ƙafafuna suka yi abin da suka saba, suka zagaya da ni bayan wanda ke zaune. Na sunkuya na duba. Kujerar haƙora gare ta, ƙanana, a jere. Amma ba nama suka ciza ba. Wando suka ciza, wani wando mai nauyi da aka yi wa aiki da zaren zinariya.

"Sallau, wandon nan na wane ne?"

"Na sarauta ne. Na wanda na kashe."

"Shi kuma fa?"

"Na wanda ya gabace shi."

Na juya wajen Waziri na ce, "Ashe kujerar wando take riƙewa?"

Waziri ya gyara rawani ya ce, "Kowa ya sani. Sai dai ba a taɓa yin sarkin da ya yarda ya miƙe a gaban fadawa ba wando ba. Duk sun zaɓi takobi."

Na dubi Sallau. Ya dubi fadawa, ya dubi maroƙa, ya dubi jarumai da suka cika ƙofa suna kallo. Ya ce, "Yaya, mataki na casa'in da tara nake."

"Ni na yi maka askin suna, ni na yi maka kaciya. Me ya rage da za ka ɓoye?"

"Ba kai ba ne. Jama'a."

"Jama'ar nan ce ta haife ka?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Yanka."

Duk asakena sun mutu a gemun Gangaram, saura 'yar ƙaramar da nake cire beli da ita. Na durƙusa na bi ɗinkin wandon zare bayan zare, Sallau yana nuna mini inda tela yake ɓoye ƙulli, don sana'a ba ta barin hannu. Na ce masa, "Sauran kayan jikinka ma a nan za su tsaya. Ba zan riƙe hannun da ke ɗauke da kayan mutane ba." Ya tuɓe rigar ƙarfe, ya cire zobba, ya kwance 'yar jakar da ke ƙugunsa wadda ba ta fi tafin hannu ba, ya zazzage. Tukwane suka zubo, da ƙyamaren ɗakuna, da takubba, da buhunan albasa, da akuya mai ciki, da rijiya guda har da gugarta, da wani tsoho da aka kwaso cikin akwati yana barci, ya farka yana tambaya ko an yi la'asar. Na ce wa Waziri a yi shela kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Zare na ƙarshe ya tsinke. Na zaro ƙyallen da nake yafa wa masu aski na riƙe a shirye. Sallau ya runtse ido, ya miƙe.

Mabusa suka yi shiru. Wani bafade ya yi tari. Jan layin Sallau ya tsuke, ya tsuke, har ya dawo daidai da nawa. Kujera ta tauna wandon ta haɗiye, ta yi gyatsa. Ƙararrawa ta kaɗa, wata 'yar ƙofa ta buɗe a bango. Na ɗaura masa ƙyallen, na kama hannunsa muka zura da gudu, duhu yana cinye zauren a bayanmu, yana cinye fadawa da tambari, har na ji sanyinsa a dugadugaina. Na tura shi gaba, na faɗa a bayansa.

Muka zube a kan tabarmar ɗakin Inna. Wayar tana hannunta, baƙa ƙirin, ta mutu.

Sallau ya rarrafa ya kifa kansa a ƙafafunta yana kuka kamar yaye. Ta sa hannu tana shafa kansa, tana shafa kunnuwan. Sannan ta ce, "Ka rame." Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ƙara da cewa, "Je ka sa wando, akwai mata a tsakar gida. In za ka dawo ka ce a dama mini kunu."

Ni kuwa ba ta dube ni ba. Ɗan fari ne ni, tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba ta taɓa yaba mini a gaban idona ba. Na tattara zabirata da matattun asakena zan fita. Na kai bakin ƙofa sai na ji ta yi gyaran murya. Ta juya ta fuskanci bango, ta ce wa bangon, "A gaya wa wancan, Allah ya yi masa albarka."

Na tsaya riƙe da labule, na kasa juyowa. Na ce, "Zai ji, Inna."

Iyakar abin da idona ya gani ke nan a ƙasar Sara-da-Kwasa. Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda harshe ya zarce, ku yafe wa wanzami, baki ne abokin aikinsa.